Takalmin da Ya Cinye ta Gefe Ɗaya

"Ba zan ba shi ke ba, Mamana."

Haka Baba ya faɗa, ko ɗago kai bai yi ba. Yana zaune kan guntun bencinsa a shago, ya ɗora wani takalmi a gwiwa yana cusa masa basilla, sai ka ce maganar tsadar gam yake yi ba maganar rayuwata ba.

Na ajiye kwanon abincin da na kawo masa.

"Baba, me ya yi?"

"Bai yi komai ba. Ya gaishe ni da ladabi, maganarsa a nutse. Amma na ga takalminsa."

Shi ke nan, abin da nake gudu ya faru.

Ga wanda bai san Babana ba, ɗinkin takalma yake yi tun kafin a haife ni, kuma shi ba ya duban fuskar mutum. Fuska, in ji shi, wanke ta ake yi a shafa mata mai, baki kuma koya masa magana ake yi, amma ƙasan takalmi bai iya ƙarya ba. In baƙo ya zo gidanmu ya cire takalmi a bakin ƙofa, sai Baba ya ce bari ya ɗauko wani abu. Ya fita, ya tsuguna, ya juya takalmin ya karance shi tas, ya mayar yadda ya same shi. Da haka ya ƙi wani ɗan haya, da haka ya raba gari da wani abokin ciniki. Abin haushin kuma, sau da yawa maganarsa takan fito.

Jiya Mai Hoto, saurayin da nake so, ya zo gaishe shi karo na farko. Ni da shashanci ina can ina fama da wace riga zai sa, na manta da ƙafa.

"Na daman lafiyarsa lau," in ji Baba. "Na hagun kuwa ya cinye ta gefen waje, tun daga dunduniya har yatsu, kamar an goga shi a dutse. Kin san mai irin wannan takun? Mai waiwaye ne. Ƙafa ɗaya tana inda yake, ɗayar tana neman hanyar fita. Irinsu ba sa zaman gida."

"Baba, don Allah, takalmi ne fa kawai!"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Da takalmi kawai ɗin na ciyar da ke har kika zama malama."

Hawaye suka ɓalle mini. Na durƙusa kan tarkacen fata da ƙananan ƙusoshi, ko zafinsu ban ji ba.

"Ina son sa, Baba. Ban taɓa buɗe baki na faɗa maka irin wannan maganar ba, yau na faɗa. Wallahi ina son sa."

"Na sani." Muryarsa ta yi laushi, wannan ya fi tsawa ciwo. "Ni ba zan yi miki dole ba, ke ba yarinya ba ce. In kin ƙi ɗan aminina, kin ƙi. Amma wancan ɗan yawon, da bakina ba zan ce na ba shi ba. Gobe Asabar, ko? Ki je ku yi yawonku na ƙarshe, ki sallame shi cikin mutunci."

Ɗan aminin nasa, ɗan mai sayar masa da fata ne. Gwaggo, yayar Baba, ta sa masa suna Ƙyalli, saboda takalmansa har fuskarka kana gani a jiki. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Sau ɗaya ya ɗauke mu a motarsa, ya rufe gilasai ruf, ya zaga da mu babban titi yana ba ni labarin yadda ake canja man inji, Gwaggo tana munshari a baya. Baba kuwa da ya juya takalminsa har lumshe ido ya yi. Wai taku daidai wa daida, ba inda ya ci. Ina zai ci, mutumin da daga ɗaki sai mota?

Na tashi na fita daga shagon ina goge fuska da gefen mayafi. Baba ya ci gaba da ɗinkinsa, amma na ji basillar ta faɗi ƙasa, abin da ban taɓa ji ba.

* * *

Gwiwar Gwaggo ce ta haɗa ni da Mai Hoto.

Gwaggo yayar Baba ce, tare muke zaune tun rasuwar Mama. Na raka ta asibiti a yi wa gwiwarta hoto, shi ne mai ɗaukar hoton. Likita ya ce maganin gwiwar nan tafiya ce, kada ta zauna. Mai Hoto ya ce ai shi duk Asabar yawo yake fita, in ba damuwa ya riƙa raka mu. Gwaggo ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Lallai gwiwata ta yi farin jini."

Duk mako yana cikin wani ɗaki mara taga, daga shi sai na'ura da ƙasusuwan mutane a jikin allo. Ni kuma ina aji da yara masu kukan fensir. Don haka Asabar in ta zo, kamar an kwance mu daga turke.

Ƙa'idarsa mai sauƙi ce. Mu je tasha, duk bas ɗin da ta fara cika ita za mu shiga, ko ina ta nufa, kuma ba sauka sai inda ta ƙare. Ba a tambayar hanya sai Gwaggo ta fara mita.

Da haka na san garin da aka haife ni. Na ga unguwar kafintoci, inda ƙanshin katako yake bin ka har cikin gashi. Na ga wani lungu bayan tashar jirgin ƙasa da ba abin da ake gyarawa sai keken ɗinki, tun daga farkonsa har ƙarshe. Mun taɓa ɓacewa a wata unguwa da gidajenta duka iri ɗaya ne, muka yi ta zagaye har wata mata ta leƙo ta taga ta ce, "Bayin Allah, ku shigo ku sha ruwa, na gaji da ganinku." Har yau Gwaggo tana gaisawa da ita a waya.

Shi kuma mutum ne mai son jin labarin kowa. Zai tsaya gaban mai wasa wuƙa ya tambaye shi yadda ake gane ƙarfe mai kyau, ya saurara har da gyaɗa kai, kamar gobe za a yi masa jarrabawa. Ban san ranar da son sa ya shige ni ba, na dai wayi gari ina ƙosawa Juma'a ta wuce.

Wannan karon kuwa, da na gaya wa Gwaggo hukuncin Baba, na zaci za ta yi tsalle ta dire. Sai ta taɓe baki kawai.

"Auta ne ya faɗi haka?" Har yau Auta take kiransa, da furfurarsa da komai. "To. Allah ya kai mu goben."

"Gwaggo, ba za ki yi masa magana ba?"

"Na yi masa. Na ce gani ya kori ji. Je ki goge mana kaya."

* * *

Asabar ta waye garau, kamar don ta ba ni haushi.

Mun same shi a tasha yana jiranmu da lemo a leda, yana murmushin nan nasa da ke sa idanunsa su shige ciki. Idona ya sauka kan takalminsa, na ji kamar in ciro na hagun in jefa a kwata.

"Malama, lafiya? Idonki ya kumbura."

"Barci ne bai ishe ni ba."

"Ƙaryarki ta sha ƙarya," in ji Gwaggo, tana hawa bas. "Ku zo, wannan ta kusa cika."

Bas ɗin wani ƙaramin gari ta nufa, can ƙetaren kogi, kuma ranar kasuwarsu ce. Muka matsu tsakanin wata mata mai kwandon kaji da wani mai tulin bokitai. Can kujerar ƙarshe akwai wani dattijo da baƙin tabarau da takunkumin fuska, ya buɗe jarida ya rufe sauran. Na gan shi da wutsiyar ido, ban kula ba. Hankalina yana kan yadda zan buɗe baki in sallami mutumin da yake ɓare mini lemo.

Daga tashar garin zuwa kasuwa akwai 'yar tafiya a gefen kwalta. Babura suna wucewa fuu, motocin kaya suna hura mana iska. Gwaggo tana tafe tana ɗingishi tana yi wa kowane direba addu'ar shiriya da ƙarfi, mu muna dariya. Na ce a raina, bari mu isa kasuwa tukuna.

Muka isa kasuwa, na kasa.

Yaya za a yi in faɗa? Kasuwar ta yi kyau har ta wuce misali. Ga masu tukwane sun jera su tun daga mai cin kofi ɗaya har wadda yaro zai ɓuya a ciki. Ga wata tsohuwa da 'yan itatuwa a gwangwanaye, tana rantsuwa wannan mangwaro ne, maƙwabciyarta tana rantsuwa gwaiba ce. Wani mai kwaɗo da mukullai yana kiran mutane su zo su ga kwaɗon da ɓarawo ya gani ya tuba. Mai Hoto ya tsaya ya ce a nuna masa ɓarawon, aka kwashe da dariya har mai kwaɗon.

Gwaggo ta kama cinikin wata rariya da ba ta da bukata, don muna da biyu a gida. Ta taya, ta tafi, aka kira ta, ta dawo, ta sake tafiya. Da ta gama wahalar da bawan Allah sai ta ce ai ramukan sun yi ƙanana, ta sayi ludayi.

Wata akuya ta biyo ledar lemonmu, Mai Hoto yana ja tana ja, yana ba ta haƙuri da "Haba baiwar Allah." Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Ina cikin dariyar na tuna ita ce ta ƙarshe, sai ta ɗauke.

Ya lura. Kullum yana lura.

"Mu zauna mu sha shayi," ya ce. "Akwai magana a bakinki tun daga tasha."

Rumfar mai shayin tana manne da layin masu yadi, an rataye atamfofi jere sun zama kamar bango. Muka zauna kan benci. Gwaggo ta koma can ƙarshe, ta juya mana baya, ta kama hira da matar mai shayin kamar tare suka tashi.

"Baba ya ƙi," na ce.

Kofin ya tsaya a hanyar bakinsa.

"Me na yi?"

"Takalminka ya gani."

Ya sunkuya ya dubi ƙafarsa, ya ɗago ya dube ni, ya ga ba wasa nake yi ba. Na gaya masa komai, da dunduniya da yatsu da mai waiwaye. Ina faɗa ina kuka, shayina yana hucewa.

"Ya ce yau in sallame ka. Ni kuma ban iya ba, wallahi ban iya ba. Kuma ba zan iya yin aure alhali Baba yana juya mini baya ba. Shi ya yi mini uwa ya yi mini uba. Har kitso ya koya saboda ni, ka san kitson mai ɗinkin takalmi? Kwana nake ban iya rufe ido ba don tsauri. Yaya zan yi in bar shi da baƙin ciki? Yaya kuma zan yi in bar ka?"

Idanunsa suka kaɗa suka yi ja. Ya ajiye kofin a hankali.

"Ba za ki bar shi da baƙin ciki ba, Malama. Ni ma ba zan karɓe ki ta bayan gida ba. Amma sallama kam ban karɓa ba. Zan koma in gaishe shi. In ya kore ni in sake komawa, har ya gaji da ganina."

"Ba ka san Baba ba."

"To in sayi sabon takalmi?"

"Kada ka soma! Zai ce ka zo yaudara."

"In je ba takalmi?"

"Zai karanta ƙafar."

Dariya ta kufce mana tare, cikin hawaye, irin dariyar da ba ta da daɗi. Na sunkuyar da kai ina share hanci. A nan ne idona ya faɗa ƙarƙashin atamfofin da ke rataye, inda suka bar ɗan fili tsakaninsu da ƙasa.

Wasu ƙafafu ne a tsaye, cikin takalmi sau-ciki ruwan ƙasa, mai ɗinki biyu a gefe da farin zare.

Na ƙura musu ido. Ko a mafarki na ga ɗinkin nan na san hannun da ya yi shi.

* * *

Takalmin nan Baba ya ɗinka wa kansa tun ina makaranta. Ya naɗe shi a tsumma ya ɗora saman kabad, ya ce ba zai taka shi ba sai ranar aurena. Lokaci-lokaci yakan sauko da shi ya shafa masa mai ya mayar.

"Gwaggo," na ce da wata irin murya. "Gwaggo, dubi."

Ta waigo, ta bi yatsana da kallo, ko gezau. Ta miƙe da ludayinta, ta ɗage atamfar da shi kamar mai buɗe tukunya.

"Fito, Auta. Ka tsaya a nan kamar an dasa ka."

Dattijon bas ne, da baƙin tabarau da takunkumi da jarida a hammata. Ya yi tsuru-tsuru. Mai yadin yana bayansa yana cewa, "Tun ɗazu nake tambayarsa wanne zai saya, ya ce in yi shiru."

"Baba!"

Ya sauke takunkumin a hankali.

"Yaya aka yi kika gane ni? Na canja takalmi fa."

Wayyo Allah, Babana! Shi a lissafinsa, tunda duk unguwa an san tsohon takalminsa na kullum, in ya sa wanda ba a taɓa gani a ƙafarsa ba, ya ɓace ke nan. Tabarau da takunkumin ma Gwaggo ce ta ba shi, ashe da ita aka ƙulla. Ya manta ni 'yar mai ɗinkin takalmi ce.

Gwaggo ta riƙe ciki tana dariya har ludayin ya faɗi. Mai Hoto ya miƙe ya rasa inda zai sa kansa, ya durƙusa yana gaisuwa. Ni kuwa kunya da tsoro suka rufe ni, don na san duk abin da na faɗa ya ji, har da kitson.

Baba ya ɗaga ƙafa zai tako, sai ya cije leɓe ya dafa sandar rumfa.

"Baba, ƙafarka!" in ji Mai Hoto. Kafin kowa ya motsa ya riƙo shi ya zaunar kan benci, ya tsuguna yana kwance masa igiya.

"Bari, yaro, ba komai."

"Yi haƙuri, Baba, in gani."

Takalmin da bai taɓa taka ƙasa ba, fata ta bushe ta yi tauri, ga tafiya tun daga tasha. Duka dugadugan sun yi bororo, na dama har ya fashe ya manne da safa.

"Tsuntsun da ya ja ruwa," in ji Gwaggo, "shi ruwa kan doka."

"Yaya, don Allah."

Mai Hoto ya ruga kyamis ya dawo da auduga da filasta da ruwan wanke ciwo. Ya ɗora ƙafar Baba a cinyarsa, a tsakiyar kasuwa, ya wanke ya manne. Ya ce bari ya sayo masa silifas na roba.

Baba ya zabura kamar an zage shi.

"Ni? Roba? In shiga unguwa da roba a ƙafata, gobe wa zai kawo mini aiki? Gara in tafi da rarrafe."

Mai Hoto bai yi musu ba. Ya cire nasa takalman, ya take bayansu don kada su taɓa ciwon, ya ajiye gaban Baba. Ya tafi da safa ya sayo wa kansa silifas ɗin. Ƙafarsa babba ce, wanda ya shige shi guda ɗaya ne a kasuwar, kore shar da hoton fure a sama. Da ya dawo yana tafe yana fat-fat, matar mai shayi sai da ta shige bayan labule.

Baba bai sa takalman ba tukuna. Ya ɗauki na hagun, ya juya shi, ya bi gefen da ya cinye da babban yatsa.

"Tun daga tasha nake bayanku," ya ce. "Ni ba fuska nake kallo ba, ƙafa nake kallo. Kai yaro, me ya sa kake tafiya a bakin kwalta?"

Mai Hoto ya dubi ƙafarsa. "Ni, Baba? Ban lura ba."

"Ni na lura. Kun sauka daga mota, ka tura su ciki, ka tsaya ta wajen titi. Ƙafarka ta dama tana kan ƙasa, ta hagun tana gogar bakin kwalta inda ya farfashe. Babur ya taho, ka ƙara matsawa wajensa, ba wajensu ba. Aka tsallaka, ka zagaya ka koma ta wajen titin. Yaya ta tsaya hutawa, ka ja ƙafar ka jira ta." Ya ajiye takalmin a gwiwa. "Haka kake yi duk Asabar?"

"Wallahi, Baba, ban sani ba. Babura ne ba su da hankali."

Ni ma ban taɓa lura ba. Duk yawon nan da muka yi, ban taɓa tambayar kaina me ya sa ƙurar mota ba ta taɓa bugun rigata ba. Hawaye suka sake zubo mini, wannan karon masu ɗumi.

Baba ya cire baƙin tabarau ɗin, ya murza idanu.

"Na ga inda ya ci, na yanke hukunci ban tambayi abin da ya cinye shi ba. Kuma in faɗi gaskiya, Mamana, na ji daɗi da na ga aibin. Tun da mahaifiyarki ta rasu ban wuce ƙarshen layinmu ba, daga gida sai shago. Na ga kina dawowa ranar Asabar fuskarki tana haske, kina ba da labarin wuraren da ban sani ba. Na ce wannan wata rana zai ɗauke ta su bi hanya, in zauna ni da guduma."

"Baba, ina za ni in bar ka?" Na kama hannunsa, mai kaushin nan da tabon basilla. "Ko bas ɗin ma in ta kai ƙarshe juyowa take yi."

Ya yi gyaran murya, ya zare hannunsa, ya tsuke fuska.

"Ban fa ce na yarda ba."

Ya zura ƙafa cikin takalman Mai Hoto, ya miƙe, ya ɗan taka. Sai ya dubi can ƙarshen kasuwa.

"Ɗazu na wuce wani layi, na ji ƙanshin fata. Tunda an zo, bari in ga abin da suke yi."

* * *

Ranar nan na ga Baban da ban sani ba.

Ya shiga layin masu fata yana shinshina wannan yana lanƙwasa wancan. Ya sami wani tsoho mai gyaran takalma, suka kaure da musu kan zaren da ya fi jure ruwa, kamar za su daku, aka ƙare tsohon ya ba shi kujerarsa ya aika a kawo masa kankana. Baba ya sha har ruwan yana bin gemunsa. Ya tsaya wajen tsohuwar nan mai itatuwa ya raba gardamar, ya ce lemo ne, matan biyu suka haɗu suka taso masa. Ya dawo wajenmu yana dariya, haƙoransa duka a waje. Rabon da in ga haka har na manta.

"Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi," Gwaggo ta ce masa.

"Ke dai Yaya ba kya gajiya."

Amma maganar da nake jira bai taɓo ta ba. Duk lokacin da ya buɗe baki sai in kasa kunne, sai in ji yana tambayar sunan wata bishiya. Mai Hoto yana bin mu da takalman ranar aure a leda, yana fat-fat da korayen silifas, shi ma idonsa yana kan bakin Baba.

Rana ta yi sanyi muka shiga bas ta komawa. Baba ya zauna jikin taga, Mai Hoto a gefensa, ni da Gwaggo a bayansu. Muka haye gada, kogin yana ƙyalli, Baba ya manna goshi da gilashi kamar yaro. Gidajen gari suka fara bayyana. Na fara cire rai, na ce wataƙila sai wani jiƙon.

Gwaggo ta zungure shi da ludayi ta baya.

"Auta, mun kusa sauka. Yarinyar nan ta kusa cinye gefen mayafinta."

"Na ji."

"Ɗan amininka fa?"

"Ni zan ji da ubansa, tare muka yi wasan ƙasa."

Baba ya juya ya dubi Mai Hoto, a fuska, ido cikin ido.

"Yaro."

"Na'am, Baba."

"Ka gaya wa manyanka su zo."

Na rufe fuska da tafin hannu, kuka ya ƙwace mini. Gwaggo ta rangaɗa wata shewa da ta sa direba ya taka birki, wasu kaji da ke ƙarƙashin kujera suka ɗauki kuka. Mai Hoto yana son durƙusawa ba wuri, gwiwarsa ta bugi kujerar gaba, yana ta "Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma, na gode."

Baba ya ɗaga masa hannu.

"Tsaya, ban gama ba. Kowace rana suka ga dama su zo, ban da Asabar."

"To, Baba. Akwai dalili ne?"

Baba ya mayar da goshinsa jikin gilashi.

"Asabar ba ma gida."